Zanzaro Bakwai Marasa Gari

Aikin ƙwari wahala ne, kada wani ya ruɗe ku. Rana ta ci ƙeyarka, kara ya tsattsage maka hannu, ƙaiƙayi ya shiga rigarka ya ƙi fita, ka dawo da kaya bisa jaki, wanda ya aike ka ya dube ka kamar ka sato. Mutanen gari ba su yarda da kai ba don kana yi wa Bature aiki. Bature bai yarda da kai ba don kai ɗan gari ne. Haka na yi shi, shekara da shekaru. An ce in rubuta muku wani abu na zamanin da, ku da kunka shigo aikin gona yanzu. Ni ba mai ilimi ba ne, ku yi haƙuri da yadda ya fito. Abu guda za ni faɗi, don shi ne ya ƙi fita raina: ranar da anka yi mini tambaya guda cikin ɗakin kwalabe na Wurno, na amsa da ƙarya.

Lokacin Turawa na nan, 'yan shekaru kafin su tattara kayansu. Anka turo mana wani Bature daga Sakkwato, dogo, busasshe, wuyanshi ja kamar an murje shi da barkono. Ba shi ne Baturen gona ba, ƙarƙashinshi yake, kuma ba ruwanshi da garma ko taki. Ƙwari kaɗai ya sani. Mutanen Wurno sunka sa mishi suna Mai-Kwalba. Bayan shi sai Malam Haliru, malamin gona, ɗan gidan malamai na nan Wurno, wanda ya yi boko har ya iya Turanci. Shi ke riƙe da littafi da alƙalami. Bayan Malam sai ni, Bawa, mutumin Lahodu, mai ɗibar kara. Bayana sai jaki.

Ga yadda aikin yake. Kun san tsutsar nan da ke shiga cikin karan gero ta ci zuciyarshi, ya tsaya bai fid da kai ba. In an yi girbi ba ta mutuwa. Kwanciya take yi cikin busasshen kara rani duka, ko an yi darni da shi, wato shingen gida, ko an rufa ɗaki. Sai ruwa ya sauka ta farka, ta zama ɗan malam-buɗe-littafi mai launin ƙasa, ta koma gona ta zuba ƙwai. Ni aikina in bi garuruwa in ɗebo kara, in kawo ɗakin kwalabe in tsaga, duk tsutsar da na samu in sa ta kwalba ita kaɗai, in toshe da auduga. Malam ya rubuta 'yar takarda ya liƙa: gari kaza, kara iri kaza, wata kaza. Daga nan sai jira.

Da yake ban iya rubutu ba, da igiyar rama nike shaida dami. Ƙulli guda Lahodu, biyu Tursa, uku Boyekai. Doka kuwa ɗaya ce, Mai-Kwalba ya maimaita ta har ta gundure ni: kara inda yake tsaye, ko gona ko darni, da hannunka za ka cire shi. Kada kowa ya miƙo maka.

Abin da ya fi damunshi ba tsutsar ba ce, maƙiyanta ne. Wata kwalbar in ka jira, ba malam-buɗe-littafi ke fitowa ba, zanzaro ne. Ba wanga babba mai gina ɗakin laka a bango ba, ƙanƙane, wani ma bai kai ƙwayar shinkafa ba. Mu mun tashi ana ce mana zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗauka ya mai da ita ɗanshi. Na faɗa wa Mai-Kwalba haka. Bai yi gardama ba, ya farke wata tsutsa da allura, ya sa ta ƙarƙashin madubinshi na ƙarfe mai ƙara girma, ya ce in leƙa. Na ga wani ɗan farin abu na motsi cikin cikinta. Ya ce uwar ƙwai take sakawa jikin tsutsar tana raye. Ɗan ya ƙyanƙyashe a ciki, ya dinga cinta sannu sannu, shina barin inda ranta yake sai ƙarshe, don kada abincinshi ya ruɓe. In ya ƙoshi ya saƙa ɗan kwanso cikin karan, ya kwanta, wata rana ya huda ya fito da fiffike. Ranar ban iya cin tuwo ba. Amma na gane abu guda: tsutsar da ke cin geronmu, ita ma akwai mai cinta.

To, cikin bazara, zafin nan da ko jaki ke tsayawa ya ƙi tafiya, anka aike ni Tursa. Tsari shi ne a ba ni takardar uban ƙasa in kai wa hakimin garin, hakimi ya haɗa ni da mai nuna mini darni. Na isa rana tsaka, anka ce hakimi ya tafi Rabah. Maza na zaune ƙarƙashin tsamiya, na yi sallama, sunka amsa da baki, idanunsu na kan wuƙata. Na san dalili. Zance ya riga ni zuwa cewa Baturen gona ya ce kara gidan tsutsa ne, duk garin da anka samu tsutsa za a sa su ƙone kara. Mutum kuwa darninshi kara ne, rufin ɗakinshi kara, abincin dabbarshi kara, wutar tuwonshi kara. Ka zo ka ce za ka taɓa?

Sai wani tsoho ya taso, Baba Nomau ake ce mishi, gajere mai fara'a. Ya zaunar da ni, ya sa anka kawo ruwa da fura mai sanyi.

Ya ce, "Kai da kash sha hanya, mi za ka wahal da kanka? Ga dami can an ɗaure maka. Ɗauki abinka ka koma da sauran rana."

Na duba damin. Kara ne busasshe, ga hudojin tsutsa ko'ina, irin wanda nike nema. Na ce cikin raina, ai karan Tursa ne, cikin Tursa anka ba ni shi, mi ne bambanci? Gaskiya kuwa na gaji, kuma ba ni son in miƙa hannu ga darnin mutanen da ke kallona haka. Ban ko kwance igiyarsu ta kaba ba, na ɗora tawa a kai, na yi ƙulli biyu, na aza wa jaki. Na kawo Wurno, na tsaga, na zuba kwalabe. Malam ya rubuta Tursa, karan gero. Na manta da zancen.

Ruwan fari ya sauka. Bayan kamar mako guda ina sharar ƙofar ɗakin da safe, sai na ji Mai-Kwalba ya yi wata ƙara, na ce kunama ce. Na shiga da tsintsiya na iske shi tsaye, kwalba a hannu. Cikin kwalbar wata 'yar zanzaro ce baƙa, cikinta ja-ja, da wutsiya siririya kamar gashin doki, ta fi jikinta tsawo. Ya ce wutsiyar ba ta harbi ba ce, da ita take huda kara ta kai ga tsutsa ta saka ƙwai. Kafin kwana huɗu sunka cika bakwai, duka daga kwalaben Tursa.

Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da ƙwaro haka ba. Ya zaunar da mu kamar almajirai, da Hausarshi mai kama da an daddatsa ta da gatari.

Ya ce, "Bawa, ƙwari gida-gida ne, kamar mutane. Kowane da suna biyu, sunan gida da sunan kanshi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, su sunka gaya maka?"

Malam ya harare ni. Bature bai ji haushi ba. Ya ce jikinsu ke faɗi. Ana ƙidaya gaɓoɓin ƙahonsu, ana bin jijiyoyin fiffike a ga inda sunka haɗu da inda sunka rabu, ana duban fuska da ƙugu. Ya buɗe wani ƙaton littafi mai zane, ya nuna mana fiffike iri-iri, ni duka ɗaya na gan su. Ya ce waɗanda munka saba samu, gidansu sananne ne, ko'ina akwai. Wagga kuwa 'yar wani gida ce da ba kowa ya san shi ba. Ya faɗi sunan gidan, bakina bai taɓa iya shi ba. Waɗanda sunka rubuta labarin gidan, matattu kaɗai sunka gani, soke da allura cikin akwati. Ba wanda ya san tsutsar da take ci, ko karan da take bi, ko watan fitowarta.

Ya ce, "Mu mun sani yanzu." Ya ɗora yatsa bisa 'yar takardar Malam. "Wannan ta fi ƙwaron daraja."

Nan na tuna damin Baba Nomau, amma na danne.

Saura abu guda. Bakwai ɗin duka mata ne, kuma ya ce ba a gama sanin gida sai an ga namiji, shi ba ya da wutsiyar. Saboda haka ya hau doki da kanshi, munka koma Tursa. Wanga karon hakimi na nan, ga Bature tsaye, ba mai cewa a'a. Na bi darni ɗaya ɗaya ina zare kara da hannuna, mata na leƙe ta kafar darni. Baba Nomau ban ko ga ƙeyarshi ba. Munka cika ɗakin da kwalabe har ba wurin aje ƙafa. Munka jira mako uku. Malam-buɗe-littafi ya fito, zanzaron da munka saba ya fito. Baƙar nan mai doguwar wutsiya ko ɗaya.

Daga nan ɗakin ya sake. Mai-Kwalba ya bar magana. Ya fara zuwa da wuri, shina jujjuya kwalabe, shina duban rubutun Malam, shina duban igiyoyina da ke rataye. Ranar wata Talata bayan azahar ya kira mu, ya rufe ƙofa. Akwatin ƙwarin na buɗe bisa tebur, bakwai ɗin jere, kowace da takardarta ƙarƙashin allura. Ya ce ran Asabar akwatin zai bi mota zuwa Sakkwato, daga can zuwa manyan malaman ƙwari na ƙasarsu. In takardar ƙarya ce, za a buga ƙarya cikin littafi da sunanshi, wasu su yi ta nema inda babu. Ya ce duk wanda ya kama da hannu cikin haka, kora ce, da takardar da ba za a ƙara ɗaukarshi aikin gwamnati ba.

Ya tambayi Malam ko ya taɓa musanya takarda. Malam ya ce a'a. Ya juyo gare ni.

"Bawa, damin Tursa na farko. Da hannunka ka cire shi?"

Na ce, "Da hannuna, ranka shi daɗe."

Ko numfashi ban ja ba. Ina da iyali a Wurno, gonata ta Lahodu na bar wa ƙanena tun da na shiga aikin, in anka kore ni tsakiyar damina ba ni da ko kunya guda ta shuka. Abin da ya buɗe bakina ke nan. Ya dube ni ya daɗe, ya ce mu tafi.

Muna fita Malam Haliru ya matso shina murmushi. Ya ce, "Bawa mai ƙulli biyu. Kai dai Allah ya yi maka baiwa. Lahodu in ka je, ka dawo hannu duk jini. Boyekai haka. Tursa kuwa ka dawo da hannu sumul kamar na liman."

Na ce, "Malam, in da magana bakinka, fito da ita."

Ya ce, "Ni? Rubutu na sani. Abin da kac ce shi ni ka rubutawa."

Ya wuce ya bar ni. Tun daga nan ban ƙara yarda da komi ba. Akwai wani ƙanen matar Malam da ke yawan zuwa ƙofar ofis gaisuwa, ƙato ba aiki, na ce to, gurbina ake gyara mishi. Na ce wataƙila Malam ne ma ya musanya takardun shina so ya jingina mini. Na ce wataƙila Bature ya riga ya sani, jira yake in ƙara nutsewa. Ko mai gadi in ya gaishe ni sai in ji kamar da wata manufa. Amma duk inda na kewaya, wuri guda nike dawowa: ban san inda karan nan ya tsira ba. In na Tursa ne, ƙaryata ƙarama ce, ta mutu da ni. In ba na Tursa ba ne, ran Asabar za ta hau mota.

Na nemi izinin kwana biyu, na ce ƙanena ba lafiya a Lahodu. Ƙarya ta biyu ke nan. Na sa kwalba guda aljihu mai zanzaron da munka saba, da busasshiyar fatar tsutsar da ya cinye, na kama hanyar Tursa.

Na iske Baba Nomau bakin gonarshi ƙarƙashin gawo, shina gyaran ƙotar hauya. Ana noman fari, gero ya kai idon sawu. Ya hange ni tun daga nesa.

Ya ce, "A'a, yaron Mai-Kwalba! Darnin da kunka rage kaz zo ƙarasawa?"

Na ce, "Baba, barka da aiki."

"Barka kadai. In wuta kaz zo sawa, jira ruwa shi ɗauke, yanzu ba ta kamawa."

Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi gida da ruwa. Sa'an nan na ce, "Baba, damin da kab ba ni cikin bazara, daga darnin wa anka cire shi?"

Ya ce, "Wane dami?"

"Wanda na sha fura a kanshi."

"Au, ashe furar ka tuna. Madalla. Yaran yanzu ko ita ba su tunawa."

"Baba, daga ina yake?"

"Ba Tursa anka ba ka shi ba? To na Tursa na."

Na fid da kwalbar na miƙa mishi. Na yi mishi bayani yadda anka yi mini: ga tsutsa mai cin gero, ga mai cinta, Bature so yake ya san su gida-gida, ba ƙone-ƙone ya kawo shi ba. Ya kai kwalbar kusa da ido, ya girgiza, ya maido mini.

Ya ce, "Mutum shi ƙetare teku, shi bar uwatai da ubanai, shi zaka shi sha ranar Wurno, don ƙuda? Kai ka yarda? Da gemunka?"

Na ce, "Ba ƙuda ba ne, zanzaro ne."

"To don zanzaro. Ƙidayar darni ku kai. In kun ƙare ku ƙidaya rumbu."

"Wallahi ba ƙidayar komi."

"Haka mai ƙidayar shanu yac ce."

Ya koma ga hauyarshi. Na ga in na kwana ina magana da bakin Bature, ba abin da za ni samu. Sai na zauna ƙasa sosai, na cire hular aiki na aje.

Na ce, "Baba, bar zancen Bature. Ni na yi ƙarya. An hana ni karɓar dami ɗaurarre, na karɓa hannunka don na gaji. An tambaye ni, na ce da hannuna na cire. In karan ba na nan ba ne, aikina ya tafi, ba ni da gona bana. Ba aiko ni anka yi ba, ko sanin na zo ba a yi ba."

Ya aje hauyar. Ya dube ni sama da ƙasa, sai ya fashe da dariya har da tari.

Ya ce, "Ashe mu biyu na! Ni ina nan ina tsoron ka, kai kana can kana tsoron ni."

Sa'an nan ya faɗa mini. Kwana biyu kafin zuwana, masu jakan albasa na wajen Boyekai sun sauka ƙarƙashin tsamiyar nan. Su kan shimfiɗa kara ƙarƙashin kayan don kada albasa ta ƙuje. Da sunka sauke sunka bar tarin karan. Jin ina tafe, shi da maƙwabtanshi sunka tattara sunka ɗaure.

Ya ce, "Munka ce in tsutsa za a samu, a same ta cikin karan wasu. In an zo ƙonewa mu rantse ba namu na ba, kuma rantsuwarmu gaskiya ta. Kai kuma manomin banza, ba ka ga ba gero na ba? Maiwa ta, ta bakin fadama. Kaurin kara bai gaya maka ba?"

Nan na tuna ranar da na tsaga karan, hannuna ya yi ta warin albasa, na ɗauka daga kasuwa na kwaso. Gari ƙarya, kara ƙarya. Cikin abu uku da ke kan takardar, sunan watan kaɗai ne gaskiya.

Da na tashi tafiya ya kama hannun rigata, dariyar ta tafi. Ya ce, "Ɗana, na ba ka gaskiya don ka zauna ƙasa. Kada sunana shi fito bakinka. In Bature ya kai ƙara ga uban ƙasa, ni tsoho na, ba ni iya tsayuwa gaban fada."

Na ce mishi to.

A hanya na yi ta juya abin. In na yi shiru, ba mai sani sai tsoho da maƙwabtanshi, su kuwa ba su faɗi. In na jingina wa mutanen Tursa, wataƙila in tsira, a tafi da tsoho. Ba za ni ce muku tsoron Allah kaɗai ya ja ni ba. Murmushin Malam ma ya ja ni. Na ga in akwatin ya tafi, na zama abin hannunshi har ranar da ya ga dama.

Na isa Wurno ran Alhamis bayan la'asar. Ban biya gida ba. Na iske su biyu cikin ɗakin, Malam na naɗe akwatin da tsumma. Na tsaya bakin ƙofa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba Lahodu na tafi ba, Tursa na tafi. Damin farko ba da hannuna na cire shi ba. Ɗaurarre na karɓa. Ba karan Tursa ba ne, ba kuma gero ba ne. Maiwa ce, masu albasa sunka zo da ita daga wajen Boyekai. Gonar da ta fito ban sani ba."

Wuyanshi ya ƙara ja. Ya ce, "Wa ya ba ka?"

Na ce, "Wanga ba ni faɗi. Shi ba a kafa mishi doka ba, ni anka kafa wa."

Ya sake tambaya, na sake ba shi amsar nan. Sai ya karɓi akwatin daga hannun Malam, ya warware tsumman. Ya ɗauki hantsaki ya zare takardun nan bakwai ɗaya ɗaya, bai yage ba, ya jera su gefe. Ya yanka wasu sababbi, ya rubuta da hannunshi, ya soka. Na tambayi Malam da ido, ya ce mini a hankali, "Wurin sunan gari ya rubuta, ban sani ba."

Mai-Kwalba ya ce, "Ya kamata in kore ka."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Da ni na gano, da ka tafi yau. Kai ka kawo, saboda haka ka zauna. Gobe ka tafi Boyekai ka nemo masu albasar, ka nemo gonar. In ba ka samu ba, ka dawo ka ce ba ka samu ba. Wannan ma amsa ce."

Bai ƙara dubana ba. Na fito. Malam ya biyo ni.

Ya ce, "Ka daɗe, Bawa. Tun ranar da kak kawo damin nig ga igiyar kaba ƙarƙashin taka. Kai ko ba ka ɗauri da kaba."

Na ce, "Mi ya hana ka faɗi?"

Ya ce, "Ba a tambaye ni igiya ba."

Har yau ban sani ba ko don Allah ya yi shiru, ko ajiya ya yi ta ranar da za ta yi mishi amfani. Mun yi shekaru tare bayan nan, ban tambaye shi ba, bai faɗi ba.

In gajarta muku, masu albasar na same su, fadamar ma na same ta, amma ruwa ya riga ni. Duk abin da ke cikin kara ya fita, sai 'yan hudoji kewayayyu. Haka na dawo na faɗa. Namijin ban taɓa ganinshi ba. Mai-Kwalba ya tafi hutu ƙasarsu da akwatin, anka aika shi wata ƙasa, ban ji abin da anka yi da bakwai ɗin ba. Ni dai aiki ya tsaya mini.

Abin da na ɗauka a nan ba mai yawa ba ne. Cikin aikin ga, kama ƙwaro ba komi ba ne, kowa na iya kamawa. Abin da ake biyanka dominshi shi ne in ka ce nan na samo, ya zamana nan ne. Kuma in kun shiga gari kunka ga an tarbe ku da kaya a shirye, kada ku ce mutanen mugaye ne. Tsoro suke ji, kuma yawanci suna da dalili. Ku sha furar, ku yi godiya, ku tambayi abin da suke tsoro.

Amma wannan duka daga baya na gane shi. Washegarin ranar da na faɗa wa Mai-Kwalba gaskiya, bayan sallar asuba, kafin in ɗaura wa jaki mangala, na tafi zauren Malam Haliru da guntun fensir da na tsinta ƙarƙashin tebur. Ba don ina sonshi ba. Na dai ƙudura ba wanda zai ƙara rubuta magana a madadina ban iya dubawa ba.

Na ce, "Malam, koya mini rubuta garuruwan ga."

Ya yi dariya ya ce, "Da gemunka? To zauna. Da wane za mu fara, da Tursa?"

Na ce, "A'a. Da abin da Bature ya rubuta jiya. Amma da Hausa."

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana da yatsa, manya manya: ban sani ba. Na durƙusa na yi ta kwaikwaya, ina gogewa ina sakewa, har rana ta fito ya ce ya karantu. Sa'an nan na juya shi bisa takarda da fensir, na ninke na sa cikin hula, na kora jakina zuwa Boyekai.